Akwai Wurin Da Allah Ya Yasar?

Da yawa daga cikinmu sun ɗan taɓa Turanci a makaranta, waɗansu kuwa sun sha shi sosai, har suna karanta littattafan Turawa da jaridunsu. Wanda ya daɗe yana irin karatun nan ba zai rasa cin karo da wata kalma ba, wadda mutanen Ingila da na Amurka su kan faɗa in suna zancen wurin da ba mai zuwa. Kalmar ita ce godforsaken. Muna so mu zauna a kanta a wannan wata, gama ba ta da wuyar faɗi, amma kayan da ta ɗauka ya fi ƙarfin wuyan mai faɗinta.

Kalmomi biyu ne aka ɗinke suka zama ɗaya. God, wato Allah. Forsaken, wato yasasshe, abin da aka juya wa baya aka tafi aka bar shi. In an haɗa su, ma'anar ta zama wurin da Allah ya yasar. Sojan da aka kai shi wani bariki a bakin iyaka, inda ba kasuwa ba majigi, shi ne mai faɗinta. Haka ma'aikacin reluwe da aka ajiye shi a wata ƙaramar tasha cikin hamada, haka matuƙin jirgin ruwa da ya hango wani dutse tsirara a tsakiyar teku. Da tsaki a ke faɗinta. Mai faɗin kuwa sau da yawa bai tuna da Allah ba sam, ko da ya ke sunansa yana bakinsa. Abin da ya ke nufi kurum shi ne wurin ya yi masa nisa, ba daɗi, ba abokin hira, ba abin da zai jawo mutum ya zo.

Turanci yana da waɗansu kalmomi na wannan gefe. Remote a kan ce wa wuri mai nisa. Deserted a kan ce wa wurin da mutanensa suka watse. Wilderness tsohuwar kalma ce, an samo ta daga sunan naman jeji, wato ƙasar da namomi ke mulki. Ita ce Littafi Mai Tsarki na Turanci da aka buga a 1611 ya kan sa a inda mu mu ke cewa jeji. Dukan waɗannan bayani su ke yi: ga nisa, ga rashin mutane, ga namomi. Wadda mu ke zancenta kuwa ta wuce bayani, ta hau gadon alƙali ta yanke shari'a, shari'ar kuwa a kan Allah ta yanke. Ta ce tun da mutane ba sa zuwa, to Allah ma ya ɗauke ƙafa.

Mu kam a Hausa muna da kufai da kango, muna da dokar daji da ƙungurmin daji, in kuma muna so mu rena wuri sai mu ce ƙauyen ƙayau ne. Ba ko ɗaya a cikinsu da ta kama sunan Allah. Harshenmu ya kuɓuta daga wannan laifi. Ko zukatanmu sun kuɓuta, wannan wata magana ce, za mu komo gare ta.

Bari mu fara ɗaukan kalmar mu kai ta wurin da ya fi kowane wuri cancantarta a ganin Turawa, mu ga ko za ta zauna. Can cikin kudancin Tekun Atlantika akwai wani tsibiri da a ke kira Tristan da Cunha, sunan wani matuƙin jirgi ne mutumin Fotugal wanda ya hango shi a 1506. Ba wani tsibiri mai mutane a duniya da ya kai shi nisa da sauran 'yan Adam. Daga can zuwa Cape Town ta Afirka ta Kudu wajen mil 1,750 ne, zuwa tsibirin St. Helena kuwa wajen mil 1,500. Ba filin saukar jirgin sama, sai jirgin ruwa, tafiyar wajen kwana shida. Wani ƙaramin tsibiri kusa da shi ma sunan da Turawa suka raɗa masa shi ne Inaccessible, wato wanda ba ya kusantuwa. A 1816 Ingila ta ajiye sojoji a Tristan don tsoron kada a bi ta nan a saci Nafoliyon, tsohon sarkin Faransa, wanda ke tsare a St. Helena. Da aka kwashe sojojin a 1817, sai wani kofur mai suna William Glass ya roƙa a bar shi da iyalinsa da abokai biyu. Shi ne tushen jama'ar. Shi ne kuma ya riƙa tara su yana karanta musu Maganar Allah da addu'a, shekara da shekaru, gama ba su sami fasto mai zama tare da su ba sai a 1851. Dankali da kifi su ne abincinsu. Sun sha wuya ƙwarai: a 1885 maza 15 suka shiga kwalekwale don su tarbi wani jirgi, ba a sake ganinsu ba, tsibirin ya cika da gwauraye.

To, a watan Oktoba na 1961 dutsen da ke bayan garinsu ya yi aman wuta. Aka kwashe su duka, mutum 264, aka kai su Ingila, aka ba su gidaje a Calshot kusa da Southampton. Ga lantarki, ga motoci, ga kantuna, ga aikin albashi. Duk mai faɗin kalmar nan da tsaki ya ɗauka sun tsira ke nan. Amma sanyi da ciwon ƙirji suka kwashe waɗansu tsofaffinsu, hayaniyar birni kuma ba ta shiga ransu ba. Da aka sa su jefa ƙuri'a, kusan dukansu suka ce gida za su koma, a 1963 kuwa yawancinsu suka koma kan dutsensu da gonakin dankalinsu. Jikokinsu suna can har wa yau, suna da ɗakin sujada.

Mai karatu, ka ga inda kalmar ta yi tuntuɓe? Baƙo ne ya ke faɗinta, ɗan gari ba ya faɗi. Mai wucewa ne ya auna wurin da mudun kansa, ya ga ba abin da shi ya saba da shi, sai ya ɗora wa Allah. Mu ma an taɓa auna mu da irin mudun nan, gama akwai zamanin da Turawa ke kiran gaɓar Afirka ta Yamma kabarin Bature saboda zazzaɓin da ke kashe su, alhali kuwa kakanninmu suna nan suna noma, suna aure, suna raɗa wa 'ya'yansu suna.

Yanzu mu buɗe Littafi. Abin mamaki ne yadda Allah ya kan zaɓi irin wuraren nan domin ya sadu da mutum. Ku dubi Farawa sura 16. Hajaratu baiwa ce, Bamasariya, ga ta da ciki, ta gudu daga wulaƙancin uwargijiyarta. Ba wanda ya bi sawunta, ko Ibrahim mai cikin bai bi ba. Tana zaune a bakin wata maɓulɓula a kan hanyar Shur, sai mala'ikan Ubangiji ya same ta, ya kira ta da sunanta, ya tambaye ta inda ta fito da inda za ta. A cikin gidan Ibrahim, inda a ke miƙa hadaya a ke kiran sunan Ubangiji, ba mu ji an ce Allah ya yi magana da ita ba. A jeji ne ya yi. Ita kuwa ta ba shi suna, ta kira shi Allah mai ganinta. Ku lura da wannan, 'yan'uwa: baiwa ce gudajjiya, a wurin da ba mai zuwa, ta koya wa duniya cewa Allah yana gani.

Ba sau ɗaya ba ne. A sura 21 an kore ta da ɗanta Isma'ilu, ruwan salka ya ƙare a jejin Biyar-sheba, ta kwantar da yaron a gindin wani ɗan itace, ta ja da baya kamar nisan harbin baka don kada ta ga mutuwarsa. Wace uwa ce a cikinmu ba ta san wannan zama ba? In da akwai wurin da ya isa a ce Allah ya yasar, ai gindin itacen nan ne. Amma Allah ya ji kukan yaron, ya buɗe idanunta, sai ga rijiya. Littafi bai ce an haƙa rijiyar a sa'an nan ba. Ya ce idanunta aka buɗe. Tanadin yana nan tun kafin ta iso.

Yaƙub ma da ya ke gudun fushin wansa, dare ya yi masa a wani fili, ya yi matashin kai da dutse. Da ya farka daga mafarkin tsanin da ya kai sama, abin da ya shaida shi ne Ubangiji yana wurin tun da fari, shi ne bai sani ba. Ya sa wa wurin suna Betel, wato gidan Allah (Farawa 28). Musa kiwon tumakin surukinsa ya kai shi bayan jeji, a can ya ga kurmi yana ci da wuta. Iliya hankaki ne suka ciyar da shi a rafin Kerit. Yohanna kuma a tsibirin Batmos, inda aka kai shi don a raba shi da jama'a, a can aka nuna masa sabuwar Urushalima. Ba sai mun tsawaita ba, kun san su.

Wani zai ce, “To, amma ai Littafi da kansa ya yi zancen wuraren da Allah ya bari suka zama kufai.” Gaskiya ne, ba za mu ɓoye ba. Sai dai ku duba waɗanne wurare ne. Shilo ce, inda alfarwar sujada ta zauna, inda dukan Isra'ila ke taruwa kowace shekara; annabi Irmiya ya ce wa mutanen Urushalima su je su ga yadda ta zama (Irmiya 7). Haikali ne, wanda Ezekiyel ya ga ɗaukakar Ubangiji tana tashi daga ƙofarsa tun mutane suna shiga suna fita (Ezekiyel 10). Babila ce, uwar birane, wadda Ishaya ya ce namomin jeji za su kwana a cikinta (Ishaya 13). Kufanta suna nan a ƙasar Iraƙi, wajen mil 55 kudu da Bagadaza. Ekklesiyar Lawudikiya ce, mai arziki, wadda ta ce ba ta rasa kome ba, alhali Ubangijinta yana tsaye a waje yana ƙwanƙwasa ƙofa (Ru'ya ta Yohanna 3). Ko ɗaya daga cikinsu ba ƙauyen ƙayau ba ne. Cike su ke da mutane lokacin da hukunci ya sauko, zunubinsu ne kuwa ya jawo shi. Nisa daga hanyar mota bai taɓa zama laifi a gaban Allah ba. Yawan masu zuwa kuma bai taɓa zama shaidar cewa yana nan ba. Wannan ya kamata ya sa mu da ke cikin manyan majami'u na birni mu ɗan yi shiru.

Sa'an nan akwai wuri guda da ba mu da ikon wucewa. Rabin kalmar nan na biyu, wato forsaken, ita ce ainihin wadda Littafin Turanci na 1611 ya sa a Matta 27:46. Duhu ya rufe ƙasa tun daga tsakar rana har wajen ƙarfe uku, Yesu kuwa ya ɗaga murya da kalmomin farkon Zabura 22, yana tambayar Allahnsa dalilin da ya sa ya yashe shi. Ina wannan ya faru? Ba cikin dokar daji ba. Yohanna ya gaya mana Golgota kusa da birni ta ke, har mutane da yawa suka karanta rubutun da aka kafa bisa kansa, cikin harsuna uku. Lokacin Idin Ƙetarewa ne, Urushalima ta cika maƙil da baƙi, masu wucewa suna kaɗa kai, sojoji suna kuri'a a kan tufafinsa, manyan malamai suna ba'a. A tsakiyar taron nan ne Ɗan Allah ya ɗanɗana yasarwa, domin ya ɗauki zunubanmu a jikinsa. Ba mu iya kai ga zurfin wannan ba, ba kuwa wanda ya iya. Abin da mu ke iya faɗi shi ne, ya sha wannan ƙoƙo domin kada wanda ya dogara gare shi ya sha. Tun da haka ne, ba daidai ba ne mai bi ya ɗauki kalmar da Ubangijinsa ya yi kuka da ita bisa giciye, ya jefa wa wani gari don kawai ba shi da lantarki. Ku 'yan makaranta da ma'aikatan ofis masu jin Turanci, shawararmu ita ce ku san ma'anarta don ku gane ta in kun gamu da ita, amma kada ku ara. In wuri yana da nisa ku ce yana da nisa.

Mun yi alkawari za mu komo kan zukatanmu. Ga shi. Sa'ad da mutum ya ce Allah ya yasar da wuri, in ka tona za ka tarar mutane ne suka yasar da shi. A tsibiran Hawai, cikin Tekun Fasifik, an kafa doka a 1865 a riƙa ware masu ciwon kuturta, daga 1866 kuwa aka fara kwashe su zuwa wani ɗan zirin ƙasa a tsibirin Molokai, teku ta kewaye shi gefe uku, dogon dutse mai tsayi ya tare na huɗun. Wajen mutum 8,000 aka kai can kafin a soke dokar a 1969. Da fari ba likita mai zama, ba isasshen abinci, mai ƙarfi ya danne marar ƙarfi. A 1873 wani limamin Katolika mutumin Beljiyam, mai suna Damiyan, ya je ya zauna tare da su. Ya wanke miyakunsu, ya gina ɗakuna, ya jawo ruwa, ya sassaƙa akwatunan gawa da hannunsa, ya haƙa kaburbura. Ciwon ya kama shi, ya rasu a 1889. Ba ɗarikarmu ɗaya da shi ba, amma ba mu ga dalilin da zai hana mu koyi darasi daga ƙafafunsa ba. Allah bai isa Molokai a 1873 ba, yana can tun kafin jirgin fari ya sauke mutanensa. Abin da ya isa a shekarar nan shi ne mutumin da ya yarda ya je.

Haka Ubangijinmu ya yi. Ya haye teku cikin hadiri har almajirai suka fid da rai, da ya sauka kuwa wa ya tarar? Mutum guda mai aljanu, mazaunin kaburbura, wanda sarƙa ta kasa riƙe shi. Ya warkar da shi, mutanen ƙasar suka roƙe shi ya tafi, ya shiga jirgi ya koma (Markus 4 da 5). Da ma'ajin ekklesiya ne ya lissafta kuɗin tafiyar nan, da ya ce an yi hasara. Filibus kuma yana tsakiyar aiki mai albarka a Samariya, taro suna tuba, sai aka ce ya tashi ya bi hanyar da ta gangara daga Urushalima zuwa Gaza, hanyar hamada. Bai yi gardama ba. A can ya sami ma'ajin sarauniyar Habasha yana karatun Ishaya cikin karusarsa (Ayyukan Manzanni 8).

To, ina Filibus na yau? Ba asiri ba ne cewa in an zo rabon masu bishara, wuraren da ke bakin titi su kan sami masu so, na bayan rafi kuwa sai an yi ta lallashi. Wani ya kan ce matarsa ba za ta iya ba, wani ya ce makarantar yara. Ba mu rena waɗannan dalilai ba, gama nauyi ne na gaske, ekklesiyar da ta aika mutum can kuma ta manta da albashinsa da lafiyar iyalinsa, ita ce ta fara yasar da shi. Amma tilas a faɗi gaskiya: akwai 'yan tsirarun masu bi a ƙauyuka waɗanda su kan yi watanni ba su ci Jibin Ubangiji ba, don ba wanda ya je ya ba su. Yaransu suna girma suna ganin kamar bangaskiya kayan birni ce. In wata koyarwar ƙarya ta riga mu isa can, kada mu ce Shaiɗan ya yi ƙarfi. Ƙafa ya fi mu.

Ba sai an haye rafi ba ma. A cikin unguwarmu akwai wuraren da ba mai zuwa. Akwai ɗakin tsohuwar da 'ya'yanta suka tafi birni, wadda dā ita ce mai share ɗakin sujada, yanzu ƙafa ta hana ta. Akwai gidan ɗan'uwan da aka sa a ƙarƙashin horo, aka karanta sunansa a gaban jama'a, daga ranar nan ba dattijon da ya sake leƙa shi, ko da ya ke an ce horon domin a maido shi ne. Akwai gidan kurkuku. Akwai mai ciwon kuturta, wanda yanzu ciwonsa yana da magani, kyauta ma a ke bayarwa, wanda ya fara sha kuwa ba ya sa wa wani, amma har yanzu a kan ajiye masa ƙwaryarsa dabam. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke. Yaƙub manzo ya sa ziyarar marayu da gwauraye cikin ainihin addini mai tsarki (Yaƙub 1:27), Ubangiji kuma ya ce a ranar shari'a zai ɗauki ziyarar marar lafiya da ɗaurarre kamar shi kansa aka ziyarta, rashinta kuma kamar shi aka ƙi (Matta 25). Ashe ba yana wuraren nan kawai ba, jiranmu ya ke yi a can.

Ga abin da mu ke roƙon kowace ekklesiya ta yi kafin wata mai zuwa ya fita. Bari dattawa su zauna da littafin sunaye, su bi shi ɗaya ɗaya, su sa alama a kan duk wanda aka yi wata uku ba a gan shi ba, su rubuta sunan wanda zai je wurinsa da ranar da zai je. Bari zumuntar mata ta ɗauki tsofaffi da masu jego, matasa masu kekuna da babura kuma su ɗauki ƙauyukan da ba su da mai bishara, biyu biyu, kowace Lahadi ta fari ga wata. Wanda zai tafi kada ya tafi hannu wofi, ko mudun dawa ne ko sabulu, kada kuma ya yi gaggawar buɗe Littafi tun bai zauna ya sha ruwan gidan ya ji labarinsu ba. Ƙauyukan da rafi kan tare hanyarsu a fara da su, tun ruwa bai sauka ba.